Yadda Ake Zama Likitan Gaggawa, da Abin da Aikin Yake Nema Daga Mutum

A yawancin sassan asibiti, likita kan zauna ya yi tambayoyi, ya tura a yi gwaji, ya gano cutar, sannan ya rubuta magani. A Emajensi, wato sashen gaggawa na asibiti, ba a samun wannan sararin. Sai a shigo da mutum ranga-ranga a cikin a-daidaita-sahu, babu kati, babu wanda ya san sunansa, wanda ya kawo shi ma mai wucewa ne da ya tsince shi a bakin titi. Likitan da ke wurin zai fara ne da tabbatar da cewa iska na shiga ƙirjinsa, zuciya na harba jini, jinin kuma ba ya tsiyayewa. Sunan cutar ya biyo baya. Wanda duk yake sha'awar wannan fanni ya kamata ya san haka tun daga farko: ana horar da shi ne ya iya tsara abin da zai fara yi da wanda zai fara taɓawa, a lokacin da bayani bai cika ba.

Fannin sabo ne ko a duniya. A Amurka, Jami'ar Cincinnati ce ta fara horar da likitoci a kansa a 1970, kuma sai a 1979 aka amince da shi a matsayin fanni mai cin gashin kansa. A Afirka, Afirka ta Kudu ce ta riga kowa. Gana ta buɗe nata horon a 2009 a Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye da ke Kumasi, tare da haɗin gwiwar Jami'ar Michigan, Tanzaniya da Habasha suka biyo baya a 2010. A Najeriya kuwa, an daɗe ana barin sashen a hannun ƙananan likitoci, su karɓi marar lafiya su kira masu tiyata ko likitocin ciki su zo su ɗauka. Cikin 'yan shekarun nan ne Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa, NPMCN, da ke Ijanikin a Legas, ta buɗe tsangaya ta musamman don fannin. Saboda haka hanyar a buɗe take, amma ba ta gama sharewa ba, kuma wani ɓangare nata kai za ka share da kanka.

Mataki na farko: sakandare da JAMB

Nan babu dogon bayani. Ka zama ɗan ajin kimiyya, ka samu kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kimistiri da Fizis. Makarantun likitanci da yawa sun fi son a same su a zama ɗaya. A JAMB za ka rubuta Turanci, Bayoloji, Kimistiri da Fizis, kuma makin da ake nema a likitanci ya fi na kusan kowane kwas, sannan ga tantancewar jami'a bayan haka.

Abin da iyaye suka fi yin sakaci da shi shi ne binciken makarantar kanta. Bai wadatar ba a ce Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta amince da jami'a. Dole ne Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, MDCN, ta amince da tsangayar likitancinta, kuma majalisar tana ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta horar. A Arewa akwai tsofaffin makarantu da suka kafu: ABU Zariya da asibitinta na Shika, BUK da Asibitin Malam Aminu Kano, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, Jami'ar Maiduguri, Jami'ar Jos. Akwai kuma sababbi na jihohi da masu zaman kansu. Kafin a biya kuɗin rajista a sabuwar makaranta, a duba sunanta a jerin MDCN.

Masu tura 'ya'yansu Masar, Sudan ko wata ƙasa su sani cewa idan yaro ya dawo da digiri sai ya ci jarrabawar tantancewa ta MDCN kafin ya taɓa marar lafiya a Najeriya, kuma ba kowa ke tsallake ta a karon farko ba. Yaƙin Yukren a 2022 da na Sudan a 2023 sun katse wa ɗalibai da yawa karatu a tsakiya.

Mataki na biyu: shekara 6 na MBBS, digirin likitanci

Shekara 6 a takarda, in babu yajin aiki; na ASUU a 2022 kaɗai ya ci wata 8. Shekarar farko kimiyya ce zalla. Daga nan sai ilimin ƙirar jikin mutum, da yadda gaɓoɓi ke aiki, da sinadaran jiki, har zuwa babbar jarrabawar farko da ɗalibai ke kira sekon MB, wadda ita ce ta fi tankaɗe mutane. Wanda ya haye sai ya shiga asibiti: ilimin cututtuka da magunguna, sannan yara, mata da haihuwa, likitancin ciki, tiyata da lafiyar al'umma.

Ga mai son fannin gaggawa, shawarata ɗaya ce: kada ka haddace darasin yadda gaɓoɓi ke aiki don jarrabawa kawai, ka fahimce shi. A Emajensi da shi za ka yi tunani. Me ya sa matashin da ya zubar da jini mai yawa awon jininsa ke nuna lafiya lau, alhali zuciyarsa na gudu, tafin hannunsa ya yi sanyi? Saboda jikin matashi yana matse jijiyoyi ya rufa asiri har sai ya gaza, in kuwa ya gaza sai ya faɗi lokaci guda. Wanda ya gane wannan a aji 3 zai ceci rai a shekara ta 10.

Da ka shiga shekarun asibiti, ka riƙa zuwa Emajensi da yamma da dare, ko ba a tura ka ba. Ka gaida nas ɗin da ke kan aiki, ka nemi izini, ka ce kana so ka koyi sa allurar ƙarin ruwa, da ɗinkin rauni, da sa robar fitsari, da ɗaure karaya. Nas-nas ɗin da suka daɗe a sashen sun san abubuwan da ba a rubuta a littafi ba, kuma suna koya wa mai ladabi. Wannan zuwan shi ne kuma gwajinka. Ka kwana a wurin daren Sallah, ko ranar wata babbar kasuwa da motoci ke cika hanya. In ka fito da safe a gajiye amma zuciyarka na son komawa, to da alama wurinka ne. In kuwa ka fi son ka san marar lafiyarka, ka bi shi wata da watanni ka ga ya warke, babu laifi, akwai fannoni da yawa da za su fi dacewa da kai. Likitan gaggawa sau da yawa ba ya sanin ƙarshen labarin wanda ya ceta.

Mataki na uku: hausmanshif da bautar ƙasa

Bayan rantsuwa, MDCN za ta ba ka rajistar wucin gadi, ka yi wata 12 na aikin koyo a asibitin da ta amince da shi: wata 3 a likitancin ciki, 3 a tiyata, 3 a yara, 3 a mata da haihuwa. Yanzu ta shafin majalisar ake neman gurbi. In kana da zaɓi, ka nemi asibitin da ke cika da marasa lafiya, ko da ya fi wahala. Kuma ka ba da ƙarfi a ɗakin gaggawa na yara da ɗakin haihuwa, domin a asibitocinmu ba a cika kai yara da masu ciki babban Emajensi ba, amma ranar da aka tura ka asibitin karkara kai kaɗai, duk kanka za su faɗo.

Sai cikakkiyar rajista, sai shekarar bautar ƙasa. Da yawa suna ɗaukarta shekarar hutu. Kai ka yi amfani da ita wajen abu biyu: karatun jarrabawar firamare ta shiga horon ƙwarewa, da gajerun kwasa-kwasan ceton rai.

Kwasa-kwasan su ne BLS, na farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya, inda za ka koyi danna ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6, dannawa 30 hura iska 2. Sai ACLS, wanda ya ƙara da karanta hoton bugun zuciya, da magunguna, da na'urar girgiza zuciya. Sai ATLS na waɗanda suka ji rauni. Shi ATLS asalinsa wani likitan ƙashi ne a Amurka, James Styner, wanda ƙaramin jirgin da yake tuƙawa ya faɗi a jihar Nebraska a 1976, matarsa ta rasu, 'ya'yansa suka ji munanan raunuka. Irin kulawar da suka samu a ƙaramin asibitin da aka fara kai su ce ta sa shi da abokan aikinsa suka tsara kwas ɗin, aka fara koyar da shi a 1978. Akwai kuma BEC, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya, ICRC, suka tsara musamman don wuraren da kayan aiki suka yi ƙaranci, da ETAT na yara. Waɗannan biyun, a ganina, sun fi kusa da halin da za ka tarar a asibitocinmu. Wasu takardun shaidar suna ƙarewa bayan 'yan shekaru, sai an sabunta.

In ka samu damar koyon sikanin na gefen gado, wato duba cikin jikin marar lafiya da na'ura a kan gadonsa, kada ka bari ta wuce. Cikin minti 2 zai nuna maka ko jini ya taru a cikin wanda mota ta buge, ko ciki ya fashe a wajen mahaifa.

Mataki na huɗu: horon ƙwarewa

Tsarin Najeriya hawa uku ne. Ka ci firamare, ka nemi gurbi a asibitin koyarwa da kwalejin NPMCN ta amince ya horar a fannin, ka yi shekarun ƙaramin rejistara, wato likita mai neman ƙwarewa, ka rubuta jarrabawar kashi na ɗaya, ka yi na babban rejistara tare da bincike da kundi, ka rubuta kashi na biyu. Galibi shekara 5 zuwa 6 ke nan, kana aiki ana biyanka albashi. A tsawon lokacin za a zagaya da kai ɗakin masu sa barci, inda za ka ƙware a zura bututun numfashi, da ɗakin kulawa ta musamman, da tiyata, ƙashi, yara, mata, zuciya da taɓin hankali. In ka haɗa lissafi daga shiga jami'a zuwa zama kwansaltan, wato babban likitan da ya gama ƙwarewa, shekara 13 ko 14 ne in komai ya tafi daidai.

Tun da fannin sabo ne, cibiyoyin da ke horarwa ba su da yawa. Ka tuntuɓi kwalejin kai tsaye ka ji waɗanda ke da amincewa a shekarar da kake nema. Kafin gurbi ya samu, ka nemi aiki a Emajensi na babban asibiti, ka buɗe littafin da za ka riƙa rubuta duk aikin hannu da ka yi, babba ya sa hannu. Wasu kuma sukan bi ta fannin sa barci, ko likitancin iyali, ko tiyata, su dawo su riƙe sashen. Yawancin waɗanda suka riƙe Emajensi a ƙasar nan kafin buɗe tsangayar ta haka suka zo.

Masu duban waje suna da hanyoyi. A Gana horon matakin farko shekara 3 ne ƙarƙashin kwalejin likitocin ƙasar. A Afirka ta Kudu shekara 4 ne, kuma jami'o'in Cape Town da Stellenbosch sun yi suna a kai, sai dai baƙo galibi ba a biyansa albashi, sai ya zo da mai ɗaukar nauyinsa. A Ingila za ka ci jarrabawar Turanci, IELTS ko OET, ka yi rajista da hukumar likitocinsu ta hanyar jarrabawar tantance baƙin likitoci ta PLAB, ko kuma MRCEM, wadda jarrabawa ce hawa uku ta kwalejin likitocin gaggawa ta ƙasar. Amurka sai da jarrabawar lasisin likitocinsu ta USMLE, horon shekara 3 ko 4, kuma samun gurbi a wannan fanni yana yi wa baƙo wuya. Ban ga laifin wanda ya fita neman ilimi ba. Abin da zan ce kawai, wanda ya koyi aiki inda ake samun hoton ƙwaƙwalwa cikin minti 20, in ya dawo sai ya sake koyon aiki inda za a ce wa dangi su je su nemo kuɗin hoton.

Yadda aikin yake a ranar aiki

Komai yana farawa daga ƙofa, wurin tantancewa. Asibiti ba layin banki ba ne da wanda ya riga zuwa zai riga shiga. Tsarin da asibitoci da dama a Afirka suka ara daga Afirka ta Kudu yana raba mutane da launi: ja a gan shi nan take, ruwan lemo cikin minti 10, rawaya cikin awa 1, kore cikin awa 4, shuɗi kuwa wanda rai ya riga ya yi halinsa. Sabon likita yakan ruga wurin mai ihu. Wanda ya daɗe yana fara leƙa wanda ya yi shiru a kwana, domin mai ihu aƙalla hanyar iskarsa a buɗe take, kuma jini na isa ƙwaƙwalwarsa.

A kan kowane marar lafiya mai tsanani, jeri ɗaya ake bi, ba a tsallake. In jini na feshi, a danne shi tukuna. Sai hanyar iska: a buɗe take, ko harshe, jini ko amai ya toshe ta? In hatsari ne, a tallafe wuya kada ya motsa. Sai numfashi: sau nawa a minti, ɓangarorin ƙirji biyu na ɗagawa daidai? Iskar da ta taru ta danne huhu tana kisa cikin mintuna, kuma ba a jiran hoto kafin a huda a sake ta. Sai zagayawar jini: a sa manyan allurai biyu, a ɗebi jini don gwada wanda zai dace a ƙara masa, a nemo inda yake zuba, ciki, ƙugu ko cinya. Maganin tsayar da jini na tranexamic acid yana amfani ne in an ba da shi cikin awa 3 da jin raunin. Sai hankali: yana farke, yana amsa kira, sai an mintsine shi, ko ba ya motsi sam? A nan kada ka taɓa manta awon suga. Mutum nawa aka ɗauka shanyewar ɓarin jiki ce ko aljanu, ashe suga ne ya faɗi, allura ɗaya ta tashe shi zaune. Daga ƙarshe a buɗe jiki duka a duba har baya, sannan a rufe shi, don sanyi da mutunci. In ya sake rikicewa, a koma farkon jerin.

Abin da ke shigowa ya danganta da wuri da lokacin shekara. Hatsarin babur da mota kullum ne. Da damina zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ke cika ɗakin yara, ana ba su allurar artesunate, ga amai da gudawa. Da bazara sanƙarau. Masu sikila suna zuwa da ciwon ƙashi, kuma zalunci ne a bar su suna murƙususu ana zargin suna neman allura ne kawai. Mai ciki da ke jijjiga allurar magnesium sulphate take buƙata ba tare da ɓata lokaci ba. Duk macen da ke shekarun haihuwa ta zo da ciwon mara da jiri, a yi gwajin ciki, ko me aka faɗa maka. Akwai waɗanda suka sha fiya-fiya, da iyalin da suka kwana da janareta a cikin ɗaki. A yankin Gombe, Taraba da Filato saran kububuwa ya yi yawa har akwai asibiti na musamman a Kaltungo. Gwajinsa mai sauƙi ne, a zuba jini a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta a bar shi minti 20, in bai daskare ba dafin ya shiga jini, sai maganin dafi. Ɗaure ƙafa tamau da tsaga wurin saran ba sa ƙara komai sai illa.

Wata rana kuma mutum 50 ne za su shigo lokaci guda. Gobarar tankar mai da ta auku a Majiya ta Jihar Jigawa a watan Oktoban 2024 ta kashe sama da mutum 150, asibitocin yankin suka cika da masu ƙuna. A irin wannan rana babban likitan gaggawa kusan ba ya taɓa kowa da hannunsa. Aikinsa ya tsaya ya raba mutane, ya raba ma'aikata, ya san gado nawa, ruwa nawa da jini nawa ke akwai, da wanda za a tura gaba.

Doka, dangi da kare kai

Ka san dokoki biyu kamar sunanka. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana ƙin karɓar wanda ke buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili. Dokar 2017 kan waɗanda aka harba da bindiga ta wajabta a yi musu magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ko kuɗin kafin alƙalami ba, sannan asibiti ya sanar da 'yan sanda cikin awa 2 da fara maganin. Har yanzu akwai ma'aikatan da ke cewa a je a kawo rahoto, kai ne za ka gyara musu. Kuma ka rubuta komai da lokacinsa: ƙarfe nawa ya iso, me ka gani, me ka yi, wa ka kira, yaushe ya zo. Ranar da magana ta je gaban kwamiti ko kotu, fayil ne zai yi maka shaida.

Dangi kuwa darasi ne da ba a koyarwa a aji. Marar lafiya ɗaya, 'yan rakiya 15, kowa na tambaya, kowa a tsorace. Kada ka yi musu tsawa. Ka nemi babbansu ka ja shi gefe: "Baba, kai ne mahaifinsa? Yaronka ya zubar da jini da yawa, muna ƙoƙari a kansa. Ina buƙatar mutum 3 su je a gwada jininsu yanzu, sauran su ba mu wuri." Mutumin da aka ba aiki ba ya tayar da rigima. In suka ce za su ɗauke mai karaya su kai wa mai ɗori, ka bayyana musu a fili abin da kake tsoro, musamman in ƙashi ya huda fata ko ƙafa ta fara sanyi, sannan ka rubuta. In kuma rasuwa ce, kada ka aika nas ko ɗalibi, kada ka faɗa a tsaye a baranda. Ka zaunar da su, ka faɗa da kalma mai fita: "Hajiya, sai haƙuri, Allah ya yi masa rasuwa." Ka ɗan tsaya tare da su kafin ka koma ciki.

Kai ma jikinka amana ne. Ka yi allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B tun kana ɗalibi. In allurar da aka yi wa wani ta soke ka, ka kai rahoto nan take, domin maganin kariya daga HIV cikin awa 72 ake fara shi, kuma gara a awannin farko. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, musamman da rani, ka kawo Lassa a ranka, ka sa safar hannu da takunkumi kafin ka taɓa. Cutar ta kashe likitoci da nas-nas a ƙasar nan. Aikin kwana yana cin jiki, yana cin zaman iyali, mace ko namiji. A yi wannan magana da miji ko mata tun kafin a shiga. Abin da ya sauƙaƙa shi ne aikin na karɓa-karɓa ne: in ka miƙa marasa lafiyarka ga mai karɓarka, gado bayan gado, da bayanin abin da ya rage a yi wa kowa, ka tashi ke nan har sai lokacinka ya sake zagayowa.

Wanda ya gama horo ba zai rasa wurin aiki ba. Asibitocin koyarwa da cibiyoyin lafiya na tarayya suna buƙatar masu shugabantar sashen da masu horar da na baya. Shirin motocin ɗaukar marasa lafiya na ƙasa, NEMSAS, da aka ƙaddamar a 2022, yana buƙatar likitocin da suka san yadda ake kula da mutum tun daga bakin titi, jihohi kuma suna kafa nasu. Ƙungiyoyin agaji irin su ICRC da MSF, ƙungiyar likitocin agaji ta duniya, suna aiki a Borno, Zamfara, Katsina da Sakkwato, MSF kuma har a Maraɗi da Diffa, kuma likitan da ke jin Hausa yana iya tambayar uwa da bakinsa yaushe yaron ya daina shan nono, ba sai an nemo tafinta ba.